Faransancin Yaya

Litinin, 1 ga Satumba

Ni ne mai wannan kundi. Ina da digiri na farko a fannin Kimiyyar Siyasa da Hulɗar Ƙasa da Ƙasa, da sakamako mai daraja ta biyu, rukuni na sama. Na taɓa riƙe muƙamin sakataren ƙungiyar muhawara ta jami'a. Na buɗe kundin ne domin bin diddigin ci gabana a darasin Faransanci da na soma yau a cibiyar raya al'adu, ajin 'yan farawa, kowace Litinin da Laraba da yamma.

Manufofin biyu ne. Ta farko tawa ce: akwai gurbin aiki a wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, kuma sun sharɗanta takardar shaidar matakin farko na harshen. Za a yi jarrabawar ranar Asabar, 22 ga Nuwamba, a rufe karɓar takardun neman aiki a farkon Disamba.

Ta biyu ba ni na tsara ta ba. Yaya ya rasu a watan Yuni a ƙasar maƙwabta, inda ya yi shekaru yana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Wutar lantarki ce ta ja shi a kan rufin wani otal. Kafin labari ya iso mana an riga an binne shi. Ya bar mata da 'ya ɗaya 'yar shekara biyar, wadda ya sa wa sunan Umma, kuma Umma ba ta taɓa ganinta ido da ido ba. Matar ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, sai yarensu da Faransanci. Hayar ɗakinsu za ta ƙare a ƙarshen Nuwamba, daga nan danginta za su kwashe su zuwa garinsu, wani wuri mai nisa da ko sunansa ba mu iya faɗa ba. Umma tana so a kawo mata takwararta ta gan ta kafin nan. Abokin Yaya da yake yi mana tafinta ya koma wani gari, lambarsa ta daina shiga.

Na bayyana wa Umma cewa Turanci daban, Faransanci daban. Ta ce, "Auta, ba duk bokon ba ne? Shekara nawa ka yi kana yin sa?" Ban samu hujjar da za ta gamsar da ita ba, saboda haka aka naɗa ni tafintan gida.

Ban ji komai game da wannan naɗi ba. Na rubuta shi ne domin cikar bayani.

Laraba, 3 ga Satumba

Ajin yana hawa na farko, bayan ɗakin littattafai. An jera kujeru a zagaye, kowa na kallon kowa. Akwai taswira a bango, da farin allo, da wata na'urar sanyaya ɗaki a saman taga wadda ba ta aiki. Na zaɓi kujerar da ke ba ta baya.

Malamar, kowa Madam yake kiranta. Gajera ce, tabarau na reto a wuyanta da igiya. Dokarta ɗaya: cikin aji babu wani harshe sai Faransanci. Wanda ya kauce, sai ta taɓa kunnenta ta girgiza kai, kamar ba ta ji ba. Na nemi in gabatar da kaina yadda ya kamata da Turanci, da tarihin karatuna a taƙaice. Ta taɓa kunne. Na faɗi sunana, na ce ni ɗalibi ne, na zauna. Iyakar abin da na mallaka ke nan.

Kusa da ni akwai wani ɗan kasuwa mai shigo da tayoyi daga ƙetare, mai tumbi da yawan dariya. Da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Farfesa, yau dai ni da kai ajinmu ɗaya. Ni da na gudu tun daga firamare." Sunan ya bi ni har ƙofar fita. Ni ma a nan zan riƙa kiransa Mai Taya.

Lahadi, 7 ga Satumba

Matar Yaya tana kira kowace Lahadi da hantsi. Umma takan riƙe wayar da hannu biyu. "Sannu 'yata. Ya haƙuri?" Sai matar ta yi magana mai tsawo, Umma na cewa, "To, to. Allah ya yi miki albarka." Daga nan a bai wa yarinyar, ita kuma ba ta cewa komai, sai numfashinta ake ji.

Yau Umma ta miƙo mini. "Ga Auta, ya soma karatun."

Na yi gaisuwa, na tambayi lafiyarta kamar yadda aka koya mana. Amsar ta zubo kamar an kunce famfo. Na tsinci sunan Yaya a ciki, ban tsinci komai ba bayan shi.

"Me ta ce?"

Na ce tana gaishe ki.

"Duk wannan doguwar maganar?"

Na ce harshen nasu yana da yalwar kalmomi.

Litinin, 8 ga Satumba

Ƙirga, da sunayen ranaku. Babu abin rubutawa.

Laraba, 17 ga Satumba

Madam ta ba da aikin gida na dindindin. Kullum kowa ya aika mata saƙon murya, gajere, ya faɗi abin da yake gani a gabansa. Tebur, kofi, kyanwa, ko mene ne.

Na same ta a baranda bayan an tashi, domin a wajen aji takan yi Turanci. Na gabatar da shawarar cewa ga ɗalibi mai irin shimfiɗar ilimina, zai fi alfanu a fara da kalmomin shari'a da na diflomasiyya. Ta saurare ni har na kai aya, abin da na yaba. Sannan ta ce, "Fara gaya mini abin da ke kan teburinka. Ƙasashen duniya za su jira ka."

Ban aika ba. Ba ni da abin faɗa game da tebur.

Asabar, 20 ga Satumba

Kawu, wan Umma, ya zo, an yi zaman iyali a falo. Matsayinsa shi ne an yi sanyi da yawa. "Yarinyar nan jininmu ce. Kullum sannu, sannu, har wata uku. Kai da ka karanci dokar duniya, ka tsara musu magana mai nauyi, su san ba daga sama ɗan'uwanka ya faɗo ba."

Umma ta ce, "Ni dai in gan ta."

Kawu ya ce ai hanyar ganin nata ke nan.

Na kwashe yammacin ina tsara matsayar iyali. Alal haƙiƙa ta fita da kyau: gabatarwa, da bayanin haƙƙin zuriya, da maslahar yarinya, da kira ga ɗaya ɓangaren ya ba da haɗin kai, da ambaton matakan da suka dace idan hakan bai samu ba. Na juya ta zuwa Faransanci da manhajar waya, na yi ta maimaita karatun gaban madubi. Ban nuna wa Madam ba. Ya fi ƙarfin matakin ajinmu, kuma sha'anin cikin gida ne.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na karanta wa matar Yaya. A tsaye na karanta, domin murya ta fita.

Ba ta katse ni ba. Da na gama sai na ji ƙarar keken ɗinki daga nesa, wataƙila na maƙwabta. Ta faɗi wata gajeriyar jimla a hankali, ta sake faɗa. Layin ya yanke. Ba a bai wa yarinyar waya ba.

Umma ta ce, "Me ta ce?"

Na ce za ta yi nazari.

Lahadi, 28 ga Satumba

Ba ta kira ba. Umma ta zauna da waya a cinya har rana ta take.

Litinin, 29 ga Satumba

Launuka. Madam ta nuna rigar Mai Taya ta tambayi launinta, ya ce ai da safe fara ce. Aka yi dariya, ta taɓa kunne tana danne tata. Na lura cewa na san lokacin da ya kamata a yi dariya, sai dai takan wuce kafin in shirya.

Laraba, 1 ga Oktoba

Na kai wa Madam takardar, a kan ta duba mini lafazi kawai, domin ina zargin a nan matsalar take. Ta ɗora tabarau ta karanta a tsaye a baranda. Ta kai ƙarshe ta koma farko.

"Wa ka karanta wa wannan?"

Na ce matar yayana.

"Lauya ce?"

Na ce a'a, kitso take yi a gida.

"Ina mijin?"

Na gaya mata. Ta sauke tabarau, ta kalli farfajiya inda ake jera kujerun wani taro.

Abin da ta ce, gwargwadon yadda na riƙe: Faransancin ba shi da kuskure sosai, kuma abin da ya fi muni ke nan, domin matar ta fahimci komai. Irin wannan magana daga kotu take zuwa, ranar da za a raba uwa da 'yarta. "Da ni aka karanta wa, da tuni na ɗauki 'yata na ɓace."

Na ce ba manufar ke nan ba. Ta ce ta sani, amma matar takarda ta ji, ba manufa ba.

Na lura da wannan ra'ayi.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Mu muka kira. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Umma ta daina tambayata abin da aka ce, tunda babu abin da aka ce.

Kawu ya yi waya, yana ganin a rubuta wata mai zafi fiye da ta farko. Na ce ina kan nazarin lamarin.

Da yamma Umma ta leƙo ɗakina. "Auta, ya ake cewa a yi haƙuri da yaren nasu?" Na duba na gaya mata. Ina jin ta tana maimaitawa a kicin, tana wanke tukunya.

Talata, 7 ga Oktoba

Madam ta sanar cewa duk wanda ba ya aiko saƙon murya ba za ta sa sunansa cikin masu jarrabawa ba. Bisa tilas na zauna a falo na duba abin da ke gabana. Ga abin da na faɗa, da Faransancin da nake da shi:

Wannan falo ne. Akwai firji. Firjin fari ne. Tsoho ne. Yana ƙara. Yayana ne ya gyara shi. Umma tana zaune kusa da firji. Ba ta cin abinci sosai.

Abin kunya ne ga mai digiri. Na aika wa Madam. Daga baya na tura wa matar Yaya ma, bisa la'akari da cewa atisaye yana buƙatar mai sauraro, kuma lambarta ce a sama.

Alama ta nuna an saurara. Babu amsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Taga, da igiyar shanya, da kyanwar maƙwabta. An saurara.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ba kira. Na yi bayanin hannuwan Umma, domin su ne a gabana. Ƙanana ne. Suna da sanyi. Suna riƙe da waya. Ban san kalmar jijiya ba, na tsallake ta.

Laraba, 15 ga Oktoba

Mai Taya ya rage mini hanya a motarsa. Kujerar baya cike da takardun kaya da kwalaben ruwa. Ya ce, "Farfesa, kwana biyu ka daina yi mana lacca. Ko batir ne ya mutu?" Ban san dalili ba, na ba shi labarin a taƙaice, ba tare da batun takardar ba.

Ashe ya san birnin, can yake saro kaya. Ya ce tafiyar kwana ɗaya da wuni ce a babbar mota, in an yi sa'ar kan iyaka.

"To me ya hana ku zuwa?"

Na ce a tsari ita ya kamata ta kawo yarinyar gidan ubanta.

"Tsarin wa?"

Na fara bayani, ya ƙara wa rediyo murya. Mutum ne marar haƙurin sauraro.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ba kira. Ina ci, ina barci, ina zuwa aji. Na iya faɗin lokaci, na iya tambayar hanyar asibiti. Madam ta ce ina ci gaba. Na ji maganar kamar a kan wani ake yi.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Saƙon murya ya shigo daga lambarta da rana, ina goge takalmi. Na danna.

Ba muryarta ba ce. Yaya ne. Da Faransanci, da gudu, ga hayaniyar motoci a bayansa, yana magana yana dariya. Tsohon saƙo ne da ya taɓa aika mata, ta turo mini. Ban taɓa jin sa yana wannan harshe ba. A waya da mu Hausa yake yi, kuma yawanci ni nake maganar.

Na tsayar da shi. Na wanke hannu, na ɗauko biro da takarda, na bi ƙa'idar da Madam ta koya mana ta darasin sauraro: karo na farko a saurara kawai, na biyu a rubuta abin da aka kama, na uku a cike gurbi. Na kama burodi. Na kama yau, da aiki, da firji, da ƙanena. Sauran duk layuka ne na ja, babu komai a kansu.

Ban gaya wa Umma ba. Aikin bai kammala ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na kai wa Madam bayan aji, na ce wani saƙo ne na samu domin atisaye. Ta sa abin kunne. Ba a jima ba ta fashe da dariya, ta ce wannan a titi ya koya, yana haɗiye rabin kalmomi. Ta karɓi birona tana cike mini layukan, tana fassarawa.

A saƙon, Yaya ya ce wa matarsa zai yi yamma, saura aiki ɗaya. Kada ta sayi burodi, zai taho da shi. A gaya wa 'yar ƙaramar in ba ta yi wanka ba zai saka ta a firji tare da kifi. Sannan ya ce ƙanensa ya kira shi yau, ya yi masa jawabi kamar rediyo, bai gane rabi ba. In ya zo hutu kada ta ji tsoronsa, baki ne kawai. A zuba masa abinci, zai yi shiru.

A nan Madam ta daina dariya. Ta dube ni ta saman tabarau. "Kai ne ƙanen?"

Na ce wannan ba ya cikin tambayoyin darasi. Na yi godiya, na ninke takardar, na sauko.

Na wuce inda nake shiga mota ban lura ba. Sai da na kai wajen masu sayar da katifa na ankara, na ci gaba da tafiya a ƙafa tunda an riga an yi nisa.

Talata, 28 ga Oktoba

Na kunna wa Umma. Tana tsintar shinkafa a faranti, ta tsaya da hannu a ciki.

"Sake sawa."

Na sake. Ba ta tambaye ni me ya ce ba. Tun da aka naɗa ni tafinta, yau ne kawai ba a nemi aikina ba. Ni na ga ya dace in fassara mata zancen firji da kifi. Ta yi dariya, ta ce, "Ɗan banza, haka yake yi maka kana ƙarami." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ɗauke farantin kada ya zube.

Sashen da ya shafe ni ban fassara ba. Ba shi da muhimmanci ga batun.

Saƙon yau da na aika ba bayanin kaya ba ne. Na ce: Na ji. Na gode. Takardar ba ta da kyau. Ki yi haƙuri. Umma ta matso ta faɗi tata kalmar da ta haddace, har sau biyu, da ƙarfi, kamar mai kiran wani daga tsallaken titi.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Ta kira.

Na roƙe ta ta yi magana a hankali, jimlar da muka koya tun makon farko ban taɓa amfani da ita ba. Ta yi a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ba jariri abinci. In ban gane ba sai ta sake da wata kalmar. Abin da na fahimta, kuma ina da yaƙini a kansa:

Ba za ta kawo yarinyar ba. Tana tsoro. In ta shigo ƙasarmu da ita, ba ta san ko za ta fita da ita ba. Amma mu mu zo. Ɗakin ƙarami ne, Umma za ta kwana a gado, ita a ƙasa. Wanta zai zo ɗaukarsu ranar Litinin, 24 ga wata, ba zai jira ƙarshen wata ba. Can garin nasu waya ba ta cika shiga ba.

Daga nan aka bai wa yarinyar. Na yi zaton numfashi zan ji. Sai wata 'yar murya ta tambaye ni ko firjin yana ƙara har yanzu. Ashe ita ke sa a kunna mata saƙonnin kafin ta ci abinci. Na ce yana yi. Ta ce in kai wayar kusa ta ji. Na durƙusa na kara wayar a jikin firji, ni da digirina.

Umma ta ce, "Me ta ce? Auta, kada ka ce mini tana gaishe ni."

Na gaya mata duka, yadda aka faɗa. Ta miƙe ta shiga ɗaki, na ji tana jawo akwati daga ƙarƙashin gado.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Umma ba ta da fasfo. Mun je ofishin, an ɗauki hotonta, an ce a dawo ranar Laraba, 19 ga wata. Na yi wa jami'in bayanin gaggawar lamarin da kalmomin da suka dace. Ya ce ranar Laraba, 19 ga wata.

Mai Taya ya ce motar da ke zuwa can kai tsaye ranar Juma'a kawai take tashi. Wato a tashi 21, a isa 22.

Na san abin da ke ranar 22. Zango na gaba na jarrabawar sai watan Maris, kuma gurbin aikin ba zai jira Maris ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Kawu ya zo da mafita. Shi zai raka Umma. "Kai ka zauna ka yi jarrabawarka. In na je ba sai da yare ba, da ido ma za su gane. Yarinya kuwa ƙafata ƙafarta."

Umma ta ce, "Ba ɗauko ta za mu yi ba. Gani za mu yi."

Ya ce in an je can a gani.

Bayan ya tafi ta same ni. "Auta, ka yi karatunka. Wanda ya tafi ya tafi, kai kake da gaba. Zan lallaɓa kawun naka." Na ce shawara ce mai ma'ana. A mahangar hankali babu abin da za a soka a cikinta. Na duba ta kowace fuska.

Abinci ya yi sanyi a gabana. Na ci shi haka.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Jarrabawar gwaji. Na zo na ɗaya, har a sashen magana. Mai Taya ya ce a tafa wa Farfesa, ya koyi gajeriyar magana. Madam ta ce in na yi haka ranar 22, takarda tawa ce.

Na jira in ji daɗi. Na tsaya a baranda ina jira har aka kashe fitilun aji.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Yarinyar ta aiko saƙo da kanta. Ta ce tana da kujera ja, za ta ba kaka. Ni kuma in zauna a kan bokiti. Ta tambaya ko ina da tsawo kamar babanta.

Ba ta ce Kawu ne zai rako Umma ba. Ni ta ce.

Na auna kaina a jikin ƙofa, inda kan Yaya yake taɓawa in zai shiga. Da saura kaɗan. Na ce mata kusan.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Na biya tasha da safe na karɓi tikiti biyu, saboda kujerun gaba suna saurin ƙarewa kuma gwiwar Umma ba ta son baya. Magatakardan ya tambayi sunan fasinja na biyu, na ba shi nawa domin shi ne ya fi saurin zuwa bakina. Na sanar da Kawu cewa bisa dalilai na harshe ba za a buƙaci rakiyarsa ba. Ya yi magana mai tsawo. Na ce masa na ji, na gode.

Madam ta ce ɗage jarrabawa ba a hannunta yake ba, sai an rubuta wa Darakta. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta ce in riƙa aiko mata abin da ke gabana daga can.

Na rubuta da hannu, na miƙa a ofis. Akwai rabin jimla a tsakiya da ban yi niyyar sawa ba. Na bar ta ne kawai saboda gogewa za ta ɓata takardar. Ga kwafi:

Zuwa ga Daraktan Cibiya. Ranka ya daɗe, ni ne ɗalibin ajin 'yan farawa da ya zo na ɗaya a jarrabawar gwaji ta makon jiya. Ina neman a ɗage mini zaman jarrabawar ranar 22 ga wata zuwa zango na gaba, bisa wani uzuri na iyali. Zan raka mahaifiyata ta ga jikarta, ni kuma a nuna mini inda aka kwantar da yayana. Ina sane da abin da wannan ɗagewa za ta jawo mini, ba sai an tunatar da ni ba. Ina buƙatar amsa a rubuce kafin a tashi aiki ranar Alhamis, 20 ga Nuwamba, domin motarmu za ta tashi ranar Juma'a da sassafe, ko amsar ta zo ko ba ta zo ba.